Kwana Uku a Ƙasa Zuwa Wurin Dije

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a bakin famfo a tambaye ni, wai yaya tafiyar ta kasance, wai da gaske ne mun sa an yi wa mai rai zaman makoki. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa in ya ɗauka sai ya ƙara nasa. To ga shi an rubuta yadda na faɗa. Wanda ya ji wani abu daban, ba daga bakina ya fito ba.

Ranar da muka tashi, bayan an gama yankan gero, mu huɗu ne a ƙofar gidana a Tawa. Ni Kulu. Sai Tanti Rakiya, wadda ta yi aikin asibiti har ta aje. Sai Hajiya Zali mai cuku. Sai Mariyama matar ƙanen mijina, wadda ta fi kowa rantsuwa cewa da ita za a je, amma ko bakin gari ba mu kai ba ta tuna ta bar wake a wuta. Muka rage mu uku.

Wanda bai san ni ba, ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, har ƙauyukan yamma ana aiko babur a ɗauke ni. Uwata ta bar mini aikin, ban kuma taɓa jin kunyarsa ba.

Tanti ce ta kawo maganar. Ta zauna Yamai wurin ɗanta, ta ga manyan mutane masu motoci suna ajiye motocinsu suna bin bakin kogi a ƙasa, ba aike ba, ba kasuwa ba. Ta ce sunan abin marshi, yana sauke tansiyo, wato hawan jini, kuma ni da Hajiya Zali duk tansiyo ya kama mu. Ta ce tun da ba mu da kogi, mu bi korama. Na ce mata ni ban taɓa ganin mai hankali ya fita gida ba tare da inda za shi ba. Ta ce to in zaɓi wuri.

Nan ne na ce Tungar Aduwa, gaba da Bambeye ta wajen Tebaram. Can Dije take. Tare muka tashi a Kalfu, ɗaki ɗaya aka yi mana lalle, aure ya raba mu. Tun damina take kwance, har an kawo ta asibitin Tawa an mayar. Duk zuwan da na yi Tunga shekarun nan, mutuwa ce ta kai ni, mu gaisa a tsaye in wuce. Ƙawayena uku na wanke da hannuna. Ina son in ga Dije da ranta, in zauna in ci abinci da ita, kafin a aiko mini babur.

Hajiya Zali ta ciro salula za ta kira ɗan Dije ta gaya masa muna tafe. Na hana ta. Na ce duk gidan da ke da maras lafiya, in aka ji sunana a waya sai cikinsu ya ɗuri ruwa, gara mu isa kawai su gan mu. A lokacin ina ganin na yi dabara.

Tanti ta sayo mana takalman da suke ce wa baskat, masu igiya, da sanda kowa ɗaya. Na sa. Na ji kamar an ɗaure mini ƙafa cikin turmi.

A fitar gari akwai shingen jandarma. Wani saurayi cikinsu ya taso da ladabi.

"Iyayena, ina za ku da sassahe?"

Tanti ta zuba masa faransanci. Ya saurara, ya dube ta, ya dubi takalmana, ya karɓi katinmu ya duba gaba da baya. Ya ce mu zauna kan benci, yanzu zai tsayar mana da motar Bambeye, ba mu biyan ko dala. Tanti ta ce a'a, ƙasa za mu bi. Sai ya ja ni gefe ya rage murya.

"Inna, in tilasta miki anka yi, ki gaya min."

Na ce, "Ɗana, ni ma ban gane ba, amma da ƙahwata ni hito."

Ya buɗe jakata don ya cika aikinsa. Jaka ɗaya gare ni a duniya, baƙar nan da kowa ya sani. Ciki akwai ƙwarya, da soso, da sabulu sanda biyu da turare da na saya wa Dije. Wata mai ƙosai da ke zaune a bakin shingen ta leƙa, ta dube ni, ta ce innalillahi a hankali. Na ji ta. Na ɗauka mai ne ya fallatsar mata.

Muka gangara korama. Ruwa ya ja baya, sai yashi da tabkuna nan da can, masu lambu suna dashen albasa, injin ban ruwa na ta ƙara. Tanti na gaba tana kaɗa hannu kamar soja. Kowane lokaci sai ta tsaya ta duba salula, wai salular ce ke ƙidaya takunmu. Na tambaye ta wa za a kai wa lissafin. Ta ce ba kowa.

Wajen hantsi wani mai amalanken jaki ya cim mana. Ya gaishe ni da suna, ya sauko ya share mana wuri.

"Ku hau, bayin Allah. Rana tana yi, ba a barin mamaci shina jira."

Na ce ba wanda ya mutu. Ya ce haka ne, Inna, Allah ya jiƙan musulmi, ku dai hau. Tanti ta ce mun gode, motsa jiki muke. Ya bi mu da amalanken a hankali har kusan rabin sa'a, yana magana da jakinsa, muna ji. Da ya ga mun zauna gindin gawo Hajiya Zali ta ɓare gujiya, sai ya girgiza kai ya kaɗa jakinsa ya tafi da fushi.

Kafin azahar na cire baskat ɗin na rataya su a wuya na sa silifas ɗina. Ashe sun riga sun yi mini aiki, diddigen duka biyu sun tashi.

Mun kwana a wani ɗan ƙauye na masu lambu, gidan wata mata Abu. Ta karɓe mu da kyau, ba zan ci amanarta ba. Tuwon gero ne da miyar guro, an sa man shanu. Amma su Tanti kwano ɗaya aka ba su, ni aka kawo mini nawa daban, da moɗa daban, aka kuma kora yara ɗaki. Wannan na saba da shi. Abu ta tambaye ni sau uku wa ya rasu. Sau uku na ce ba kowa. Ta ce, "To, Allah shi ba mu haƙuri." Ku da kuke karatun nan kun san halinmu: ba a faɗin mutuwa kai tsaye, sai an lallaɓa, a ce jiki ya yi zafi, a ce ana nemanka gida. Saboda haka duk musun da na yi, ladabi suka ɗauke shi. Na kwanta ina tunanin me zan ce a yarda. Ban samu ba.

Washegari ƙafar Hajiya Zali ta kumbura, ta ce ita a sa ta mota. Tanti ta ce ai nan ne tansiyon ke fita. Suka yi ta yi.

"Ke Rakiya, likitan da yac ce a yi haka, shi ma ƙasa shika yawo?"

"Shina da mota."

"To kin gani."

Duk da haka ta tashi, don ba ta son a ce Kulu da ta girme ta ta fi ta.

Da rana ta take muka fito daidai wata rijiya kusa da Bambeye, mata cike. Na manta sam cewa Hadiza ɗiyar Dije a nan take aure. Ina sunkuye ina wanke fuska na ji guga ta faɗi. Na ɗaga kai, ga Hadiza tsaye, idonta a kan jakata.

"Inna Kulu, ina za ki?"

"Wurin uwarki."

Gaskiya na faɗa, don ban iya wani abu ba. Ta ɗora hannu a ka. Na kama ta na ce ke, natsu, lafiyarta ƙalau, dubiya za mu. Hajiya Zali ta ce wallahi yawo muke, tambayi Tanti. Tanti ta fara bayanin tansiyo da bakin kogin Yamai. Matan rijiya suka kewaye mu, wata tsohuwa ta ce wa Tanti, "Haba baiwar Allah, ki bar wahal da yarinya, ta riga ta gane." Aka kira wan Hadiza a waya, ya ce Inna na nan kwance, yanzu ma ta sha kunu. Hadiza ta ce ai haka za ya ce. Kafin mu ankara ta hau kabu-kabu da ɗanta a baya, ko tulunta ba ta ɗauka ba.

Na ce wa Tanti yanzu kam mu nemi mota mu bi ta. Tanti ta ce babu amfani, da Hadiza ta isa za ta ga uwarta da ido, magana ta ƙare. Na juya abin, na ga kamar tana da gaskiya. Na bi shawararta. Wannan shi ne kuskurena na biyu, bayan hana kiran waya, kuma ban ɗora wa kowa ba.

Gaba da Bambeye korama ta rabu biyu. Salular Tanti ta ce dama. Ni na ce hagu, don ina ganin sawun amalanke. Hajiya Zali ta ce ita duk wanda ya fi inuwa. Muka bi salula. Lambuna suka ƙare, gonaki suka ƙare, sai ƙaya da sawun raƙuma. Ruwan gorarmu ya kusa ƙarewa, salular ma ta mutu, ta bar mu da ƙidayarta. Rana ta yi ja sannan muka hango bukkoki uku na Buzaye.

Su dai ban san yadda zan kwatanta su ba. Matar gidan, Taliya, ta fito ta shimfiɗa tabarma, ba ta ce ina za ku ba, ba ta ce daga ina ba. A wurinmu baƙo bai gama aje sanda ba an san sunan kakansa. Ita sai ta kawo madara a akushi ta zauna tana kallon ƙafata. Bukkar ma, in ji ta da 'yar Hausarta, tata ce, ba ta mijin ba, in sun ɓata shi ke fita. Hajiya Zali ta ce a maimaita mata wannan. Mijin ya dafa shayi, ya ba mu har sau uku, shi kuwa in zai sha sai ya juya mana baya ya cusa kofin ƙarƙashin rawani. Na tambayi Tanti ko ciwon baki gare shi. Ta ce kunya ce. Namiji mai gemu yana jin kunyar tsofaffi uku su ga bakinsa, matarsa kuwa fuska a buɗe tana dariya da ƙarfi. Na rasa wane ne maigidan.

Aka kawo hura mai dabino da cuku a ciki, a babban akushi ɗaya, da ludayi na itace. Na ja baya ina jiran a kawo nawa. Taliya ta sha, ta miƙo mini ludayin da ta sha da shi, na sha, ta karɓa ta ba ɗiyarta ƙarama. Ba ta san ko ni wace ce ba. Na daɗe rabon da in ci haka da mutane a gidan da ba nawa ba. Hajiya Zali tana ta ɗanɗana cukunsu tana cewa gishiri bai ji ba, amma ta cinye faifai guda.

Da safe mijin ya raka mu har inda koramar ta koma hanya, ya nuna mana da sanda. Ashe hagu ne. Na dai dubi Tanti, ta dubi wani wuri.

La'asar muka shiga Tungar Aduwa. Tun daga bakin gari na ga abin bai yi daidai ba. Yara suka gan ni suka watse. A ƙofar gidan Dije an shimfiɗa tabarmi, maza zaune, sun yi tsit. Na ce shi ke nan, na yi ta yawo a korama har ta tafi.

Hadiza ta fito, idonta ya kumbura. Ba ta gaishe ni ba.

"Tana da rai. Amma tun jiya ko ruwa ba ta sha ba."

Ga yadda aka yi. Hadiza ta shiga gida da kuka, maƙwabta suka ɗauka, kafin a gane Dije na numfashi labari ya kai Kalfu. Da aka natsu aka tambayi Hadiza, ta ce ta ga Inna Kulu da jakarta, tare da wata ma'aikaciyar asibitin Tawa. Sai kowa ya haɗa lissafinsa: likita ya gaya wa ma'aikaciyar abin da ya ɓoye wa dangi, shi ya sa aka taho da mai wanka tun da wuri. Dije na kwance tana jin duk wannan ta bayan zana. Ta raba zannuwanta, ta yafe wa kowa, ta juya fuska bango. Ta kuma ce in na zo kada a bar ni in taka mata ɗaki.

Tanti ta shiga da abin awon tansiyonta ta yi rantsuwa ta gaji, Dije ba ta ko juyo ba. Ni aka bar ni tsakar gida. Na zagaya bayan ɗakin, inda aka kafa zana aka yi mata rumfa, na zauna a ƙasa. Ina jin numfashinta.

"Dije."

Na ƙara matsawa jikin zanan.

"Dije, ni ta, Kulu."

"Na san ke ta. Kin yi sauri. Ki jira, ban gama ba."

"Sauri? Kwana ukku nika tahiya. Shekara nawa kina ganina garin ga, yaushe nit taɓa barin gawa ta kwana tana jirana? Da don wankanki anka kira ni, babur zan hau."

Ta ce, "To mi ya kawo ki?"

"Marshi."

"Mi?"

"Tahiya ta, a ƙasa. Don tansiyo."

"Wa ya aike ku?"

"Ba kowa."

"Mi kunka kai? Mi za ku ɗauko?"

"Ba komi."

"Kulu, ke ko muna yara ba ki iya ƙarya ba. Da tsuhwanki za ki koya?"

Me zan ce mata? Abin da ni kaina ban gane ba, yaya zan sa maras lafiya ta gane? Sai na cire silifas na tura ƙafafuna duka biyu ta ƙarƙashin zana. Sun kumbura kamar kabewa, diddige ya fashe, yashi ya shiga ciki, farce ɗaya ya yi baƙi.

Na ji gadon kara ya yi ƙara. Ta juyo.

"Wanga aikin banza hwa? Daga Tawa?"

"Daga Tawa."

"Motoci sun ƙare?"

"Suna nan. Har kyauta anka ba mu."

"Kin haukace."

Na ce, "Wataƙila. Hajo ƙawarmu, na je gidanta ta riga ta yi shiru. Ige ma haka. Ta-Allah ma haka. Na juya su, na yi musu kitso, ba wadda tac ce min kin ja min gashi. Na ce ke kam bari in zo tun kina iya zagina."

Sai na ji hannu, busasshe, ba nauyi, ya dafa mini ƙafa ya latsa daidai inda ya fashe. Na yi ƙara.

"Madalla," in ji ta. "Shigo in zage ki da kyau, zanan ga ya tare min. Hadiza! Ɗumamo ruwa da gishiri, ki kawo man shanu. Ki damo hura kuma, bakina ya bushe da maganar mahaukaciyar ga."

Na shiga. Ta rame, ba zan ɓoye ba, ta rame ƙwarai. Amma idon nan nata yana nan. Ta sa aka tayar da ita zaune, ta ce ba Hadiza ba, ita za ta yi. Ta sa ƙafata a kwano tana zuba ruwan da moɗa, rabi a ƙafata rabi a tabarma, tana zagina tun daga kan wasu awaki da na bari suka ci mana wake a Kalfu muna 'yan mata. Hura ta zo a ƙwarya ɗaya. Ta sha ludayi biyar, ina ƙidayawa, ta miƙo mini. Sannan ta aika a karɓo mata zannuwanta daga waɗanda ta raba wa. Biyu ba su dawo ba har yau.

Masu tambayata ko tansiyon ya sauka, Tanti ta auna ta ce ya sauka kaɗan. Ni ban ji bambanci ba. Har yanzu ban gane dalilin da zai sa mai mota ya aje ta ya bi bakin ruwa ba, in ba shi da wata Dije a gaba.

Da gari ya waye aka ce motar mutanen Kalfu na hanya, don su ba wanda ya tuna ya warware musu labari. Ɗan Dije ya ce zai tare su a bakin gari ya yi musu bayani. Na ce ya zauna, na ga inda bayani ya kai mu. Na ɗauki tabarma da matashi na kai ƙofar gida, wurin da maza suka zauna jiya. Ni da Hadiza muka tallabo Dije muka jingina ta da bango, na ɗaura mata kallabi, na zauna kusa da ita na aje kwanon koko tsakaninmu. Motar ta tsaya. Ƙanwar Dije ce ta fara saukowa, da buhun gero na sadaka a ka, ta buɗe baki za ta fasa kuka, ta gan mu, bakin ya tsaya a buɗe.

Dije ta haɗiye kokonta ta ce, "Sannunku da zuwa. Geron ku kai ciki."

Na miƙa wa Dije ludayi.